Yadda Muka Kai Muryar Hanne Gaundare

Ku matso kusa. Mai tankaɗe ta ajiye rariya, mai goyo ta jijjiga ɗanta ya yi shiru. Ga ta nan gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce, da idona na gani, da ƙafata na taka. Tun da muka dawo daga Kamaru ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan makoki a ja ni gefe: "Iya Asabe, wai yaya ƙasar take? Wai me aka yi wa Hanne?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi. Ni ban san biro ba, 'yata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Hanne ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya tashi a Ƙofar Wambai, nan Bauchi, ya san muryarta ko bai san fuskarta ba, don ita ce mai guɗar unguwa. In ta kama hanci da yatsu biyu ta rangaɗa, har bakin titi ake jiyowa a ce amarya ta fito. Da guɗar nan ta ci ta sha bayan rasuwar mijinta. Da ita ta riƙe ɗanta Usman har ya zama malamin makaranta, ya yi gidansa a Gwallameji. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai dai ta ce "malamin nan", ko ta ce "wancan".

Sai muryar ta dishe. Muka ce sanyi ne. Aka sha citta da kanumfari, aka lashi zuma, aka sha rubutu. Aka yi ƙaramar salla, aka yi babba, murya ba ta dawo ba. Aka kai amare biyu a lungunmu Hanne na zaune a ɗaki.

Usman ya ɗauke mu zuwa babban asibiti, wurin likitar kunne da hanci da maƙogwaro. Yarinya ce, ba ta kai 'yata ba, amma hannunta a natse. Ta zura wa Hanne wata siririyar igiya mai fitila ta hanci, sai ga cikin wuyan a talabijin. Wasu farare biyu kamar leɓɓa, suna buɗewa suna rufewa.

"Ga muryarki nan, Mama," in ji likitar.

A jikin ɗayan akwai tsiro, bai fi ƙwayar dawa ba. Aka gutsuri kaɗan aka auna, aka ce ciwon daji ne, amma bai yi nisa ba. Likitar ta ce in ya girma, sai dai a yanka wuya a cire gidan muryar gaba ɗaya. Amma akwai wasu likitoci a Gaundare, cikin Kamaru, da baƙinsu daga ƙetare, suna bincike a kan wata sabuwar hanya: a shiga ta baki a ƙone tsiron da haske, ba a taɓa wuya ba, murya ta tsira. Ta ce injin hasken na baƙin ne, in suka tashi da shi za su tafi.

"Bincike ne, ban yi muku alkawari ba. Kuma ba sa karɓar kowa, sai mai ƙaramin tsiro, wanda maƙogwaronsa ba rauni. Kada a taɓa wurin nan da komai, Mama."

Hanne ta jawo mayafin likitar ta yi mata raɗa: "Zan yi guɗa?"

"Magana dai muna sa rai. Guɗa kam Allah ne masani."

"In ba guɗa, maganar me zan yi?"

Likitar ta yi dariya. Hanne ba ta yi ba.

Damina na ƙarewa muka kama hanya mu uku, ni da ita da Usman. Muna wuce Inkil ta taɓa ni ta nuna wani gida mai jan ƙyaure, wai ita ta kai amaryar gidan. Daga nan har Alkaleri haka take nuna mini gidaje. Direbanmu mai surutu ne, ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, da wa aka yi faɗa har murya ta ƙare?" Hanne ta raɗa mini amsa a kunne, ni kuma na faɗa da ƙarfi: "Ta ce da wani direba ne mai irin bakinka, shi yana asibiti." Mota ta ɗauki dariya. Dariyar ƙarshe ke nan da na ji an yi da ita a hanya.

A Gombe muka sauya mota zuwa Yola. Nan aka saka mu layi ɗaya da wani dattijo, Malam Buba, da matarsa. Yana da wani ƙyalle rataye a gaban wuya. Ban kula ba sai da tari ya kama shi, na ga bai kai hannu baki ba, wuya ya kai. Ya ɗaga ƙyallen, sai ga rami a ƙasan maƙogwaro, ta nan yake numfashi, ta nan majina ke fita. Wanda ke gefensa ya matsa ya manne da ƙofa. Matar ta ce ɗan kamasho ne a tasha, shekaru yana kiran fasinja, sai murya ta dishe, da aka je asibiti an makara, aka cire ta. Yanzu in yana son ruwa sai ya buga gwiwa. Hanne ba ta ɗauke ido daga ƙyallen nan ba har suka sauka a Numan. Da zai fita ya dube ta, ya ji yadda take numfashi, ya girgiza kai a hankali. Na so a ce bai yi ba.

A Jimeta muka kwana gidan wani abokin Usman. Mutanen nan da kunun gyaɗa suke karyawa, da shi suke tarbar baƙo, kuma ya yi wa Hanne daɗin haɗiya. Washegari muka shiga motar Gurin, garin da ke bakin iyaka. Sai da muka sauka motar ta juya, Usman ya dafe kai. Jakar da takardun likita da hotunan wuyan suke ciki ta bi mota, tana ƙarƙashin kujera. Ba a karɓar mu a Gaundare sai da su. Ya nema mana masauki wurin wata Bafulatana mai sayar da abinci kusa da kogi, ana ce mata Dada Habiba, ya hau babur ya bi baya. Ashe direban ya ɗauki wani lodi zuwa Mubi. Muka yi kwana da kwanaki muna jira.

Dada Habiba mutuniyar kirki ce. Hausarta a karye, mace da namiji duk "shi" take ce musu, amma ta ba mu ɗakinta ta koma rumfa. Da ta ji muryar Hanne ta riƙe baki. Ta ce akwai wanzami a garin, Baba Hamman, rabin yaran garin shi ya cire musu beli. Beli ai kun san shi, ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki, wanda ake cire wa jariri. Da yamma sai ga shi da zabirarsa, ya zo yi wa wani jariri askin suna a maƙwabta. Tsoho ne mai sanyin hali. Ya danne harshen Hanne da bayan cokali ya leƙa.

"Subhanallahi. Baiwar Allah, da belinki kike yawo har yanzu? Ga shi ya faɗo, shi ya shaƙe miki murya."

Na ce, "Baba, likita ta ce kada a taɓa."

Ya ce, "To, Allah ya ba da lafiya." Ya ɗauki zabirarsa ya tafi. Bai matsa ba, in faɗi gaskiya.

Amma maganar ta shiga. Mu duka a gidanmu an cire mana tun muna cikin tsumma, Hanne kaɗai aka tsallake, don an haife ta ba lafiya, mahaifiyarmu ta hana.

"Kin ji ko, Yaya?" in ji ta cikin raɗa. "Shi ne ya biyo ni har tsufa."

"Kin ga tsiron da idonki a talabijin, Hanne. Can ƙasa yake."

"Na kuma ga mutumin mota da idona. Haka za su mayar da ni."

"An ce ba wuƙa, haske ne."

"Haske ke yanka? In sun sa ni barci wa zai hana su? Ke?"

Na ce mu jira Usman. Ta ce to.

Da safe na sauka kogi wanki. Na dawo rana ta ɗaga, na tarar da ita zaune kan turmi, ta sunkuyar da kai, jini na ɗiga daga bakinta cikin kaskon toka. Dada Habiba na yi mata fifita tana murna. A kan wani ganye ga ɗan naman. Hanne ta ɗago, idonta na hawaye amma tana murmushi, ta ce, "Ya fita, Yaya. Gobe za ki ji ni."

Gobe ta zo, ko miyau ba ta iya haɗiyewa. Jibi wuya ya kumbura, jiki ya ɗauki zafi, baki na wari. A haka Usman ya dawo da jakar a hannu yana fara'a. Da ya ga uwarsa, ya ji abin da aka yi, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, "Inna, me ya sa?" Ta juya fuska bango.

Da kwalekwale aka tsallaka da mu kogin Faro, Hanne kwance a cinyata, ruwa na shigowa mai jirgi na kwarfewa da ƙoƙo. A wancan gefen jandarmomi ne, 'yan sandan ƙasar, cikinsu har da mace da wando da bindiga. Ta yi mana magana da Faransanci, muka kalle ta, ta juya Fulatanci, ni kuwa ɗan wanda na tsinta wurin masu nono a Bauchi bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Ta ɗaga mayafin Hanne ta ga wuyan, ta buga mana hatimi ta tsayar mana da mota da kanta.

Garwa zafi kamar bakin murhu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, kowa ya saƙalo nasa a hammata ba leda. Na tuna masar Bauchi mai laushi na ce Allah sarki. Na jiƙa wa Hanne cikin burodin a shayi, ya dawo ta hanci. Daga Garwa mota ta yi ta hawan dutse tana nishi, kunnena ya toshe, iska ta yi sanyi, aka ce mun iso Gaundare.

Asibitin ba kamar namu ba. Masu jinya ba sa kwana ƙarƙashin gado. An yi musu doguwar rumfa a baya, murhu a jere, kowa da nasa. Da sassafe ma'aikata kan taru su yi waƙar cocinsu, mu kuma muna da ɗan masallaci a gefe, ba mai hana wani. Maƙwabciyata a murhu wata Kirista ce daga kudancin ƙasar, Madam Odil, ta kawo 'yarta da kunne ke zubar da ruwa. Ba na jin yarenta ba ta jin nawa. Ta miƙo mini rogo naɗe cikin ganye, mai tsami da danƙo, da miyar wani ganye mai ɗaci. Na ci don kunya. Na dama mata kunun tsamiya, ita ma na ga don kunya ta sha. Daga ranar muka zama ƙawaye.

Masu binciken suna da ɗaki na musamman, an lulluɓe bangonsa da soso, in ka shiga har bugun zuciyarka kake ji. Sukan zaunar da mutum gaban wani abu ya ce "aaa" har numfashi ya ƙare, muryar ta fito a talabijin kamar zanen tsaunuka. Su ɗauka kafin aiki, su ɗauka bayan aiki, su gwada. Babbansu Bafulatani ne mai jin Hausa, Likita Hamadu, tare da wata tsohuwar Baturiya mai gashi kamar auduga. Da suka ji sana'ar Hanne, Baturiyar ta tafa hannu, wai ba su taɓa samun mai guɗa ba. Sai suka buɗe bakin Hanne.

Suka ga raunin. Suka yi magana da Faransanci a tsakaninsu. Likita Hamadu ya jawo kujera ya zauna daidai da Hanne, ya kira ta Dada, yadda Fulani ke kiran uwa.

"Dada, wanzami?"

Ta gyaɗa kai.

"Ni ma an cire mini, uwata ce ta kai ni. Ba ke kaɗai ba ce, da yawa haka suke zuwa mana. Amma wurin ya ruɓe, kumburin ya sauka har kan tsiron. Ba za mu iya shiga da haske ba sai ya warke, kuma ƙa'idar binciken ta hana. Mu yi maganin wannan tukuna, mu roƙi Allah lokaci ya ishe mu."

Aka ɗaura mata ruwa, aka yi ta allura. Nan aka gano tana da ciwon suga, shi ya sa raunin ya ƙi rufewa. Muna zaune muna ganin waɗanda aka karɓa. Wani malamin coci ya shiga da raɗa, bayan 'yan kwanaki ya gaishe mu da murya sosai. Wata mai sayar da kifi kuwa aka yi mata, muryar ta fito a shaƙe kamar da, tana ta kuka. Bincike ne, kamar yadda aka faɗa mana. Amma ko irin ta mai kifin Hanne za ta karɓa da hannu biyu.

Wata safiya na shigo da kunu na same ta tsaye jikin taga. Ana loda akwatuna a mota, an rubuta musu jan rubutu, maza huɗu na ɗaukar guda da lallaɓawa. Injin ne. Baturiyar ta shigo ta riƙe hannun Hanne ta daɗe, ta faɗi abin da ba mu ji ba, ta fita. Hanne ta koma gado ta ja zane har kai.

Raunin wanzami ya warke daga baya. Amma numfashinta ya koma kamar ana busa sarewa, in ta taka daga gado zuwa ƙofa sai ta dafa bango. Aka sake zura fitila. Tsiron da muka bari kamar ƙwayar dawa ya haye ɗaya gefen, ya kusa rufe hanya. Likita Hamadu ya kira mu ni da Usman, amma ya ce a gabanta zai faɗa, don wuyanta ne.

"Dada, yanzu ba maganar murya muke ba, maganar rai muke. In na cire, ina sa ran za ki rayu. In na bari, zai shaƙe ki. Gobe da safe nake so. Duk abin da kike son faɗa, ki faɗe shi yau."

Na zaci za ta ƙi. Ta dubi silin ta daɗe, sannan ta ɗaga hannu alamar to.

Yinin nan ta yi ta raɗa, ina kara kunne. Ta ce in ba wance zanenta, in nemar mata gafara wurin wance. Ta yi kalmar shahada ta maimaita, ta ce tana so ta fita da bakinta tun da sauran hanya. La'asar ta yi, Usman na tsaye can bakin ƙofa kamar yadda ya saba, don bai taɓa zama kusa da ita ba. Sai ta tattara ƙarfinta, har jijiyar wuya ta tashi, ta ce:

"Usmanu."

Ya waiga bayansa, ya zaci wani ake kira.

"Usmanu. Zo nan."

Mutum mai 'ya'ya uku, ya durƙusa gaban gado ya kifa kai yana kuka kamar ɗan yaye. Ta dafa kansa. Abin da na ji na ƙarshe daga bakin ƙanwata ke nan.

An yi aiki, ta tashi. Rami a wuya, ƙyalle a kai, irin na Malam Buba sak. Da ta ɗan warware, Likita Hamadu ya zo da wata kwalba a lulluɓe. Ya ce abin da aka cire ne. Suna roƙon a bar musu, su yanka su duba yadda ciwon ya bi, ɗalibai su koya, ko wani ya tsira nan gaba. In ba mu yarda ba, su ba mu.

Na ce a ba mu. A garinmu ko cibiyar jariri binnewa ake yi, ko yatsa aka yanke wa mutum sai an sa shi a ƙasa. Yaya za a bar tsokar Musulma cikin ruwan magani a ƙasar wasu? Usman ya goyi bayana. Hanne ta buga ƙarfen gado da zobenta har muka yi shiru. Ta miƙa hannu aka ba ta kwalbar. Ta yaye ƙyallen ta daɗe tana kallo. Wani ɗan abu ne fari-fari, bai kai wuyan kaza biyu ba. Wai shi ne ya kai amaren Ƙofar Wambai ɗakunansu. Ta mayar wa likitan da hannu biyu, ta tura hannunsa zuwa ƙirjinsa. Aka kawo tawada ta dangwala.

Ta Gurin muka dawo, don ba wata hanyar da muka sani. Dada Habiba ta fito da gudu tana tambaya ko murya ta buɗe. Hanne ta ɗaga ƙyallen. Matar ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Dada Habiba ta raka mu har mota da ƙwaryar fura, ba ta iya haɗa ido da mu ba, kuma duk wanda zai zo Bauchi sai ta aiko da man shanu. Baba Hamman ya zo ya yi mana sannu, ya ce ƙaddara ce, na ji yana nan yana sana'arsa. Madam Odil ta koma kudu, kunnen 'yarta ya bushe amma ba ta ji da shi. Malam Buba, Usman ya yi tambaya a tashar Numan aka ce ya rasu, ruwa ne ya shiga ramin yana wanka. Likitar Bauchi da ta ga Hanne ba ta yi faɗa ba, ta fita waje ta daɗe kafin ta dawo. Yanzu ita ke duba ta, ta ce har yau ciwon bai dawo ba. Usman ya so ya ɗauke uwarsa zuwa Gwallameji, ta ƙi, shi ke zuwa kullum bayan an tashi makaranta ya zauna kusa da ita a tabarma ɗaya.

Hanne tana ɗakin da ke jikin nawa. Tana cin tuwonta, tana salla, leɓɓanta na motsi. Ba ta jin ƙanshin komai, don iska ba ta bi ta hanci. In tana nemana sai ta buga ƙwarya. Ran nan jikata ƙarama ta hau cinyarta ta ce, "Kaka, ina maganarki ta tafi?" Hanne ta kama hannun yarinyar ta nuna mata gabas.

Can take kuwa. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, a nan Bauchi za mu yi wa Hanne wanka mu rufe ta, muryarta kuma tana Gaundare a kan kantar asibiti, cikin kwalba, 'ya'yan wasu na kewaye da ita suna koyo.